Neman shawara: in ba tsohuwar kyanwata da karena ƙwayar NAD?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana. Ina da kyanwa mai shekara 14 da kare mai shekara 11, duka biyun tsufa ya fara kama su. Kyanwar ta rame, har ƙashin bayanta ake ji idan aka shafa ta, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, kuma ta daina hawa bakin taga inda ta saba shan hantsi. Shi kuwa karen wuni yake barci, da dare ya tashi ya yi ta zagaye, wani lokacin ya tsaya ya ƙura wa bango ido. Ƙanena yana shan wata ƙwaya wai ita NMN, ya ce tana ƙara sinadarin NAD a jiki tana rage tsufa, in riƙa buɗe kafson ina barbaɗa musu a abinci. Na kuma ga ana tallan irinta ta dabbobi a intanet. In ba su ko in bari?

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Shi NAD ba ƙarya ba ne. Yana cikin kowace ƙwayar halitta, da shi jiki ke mayar da abinci ya zama kuzari, yana kuma taimakawa wajen gyaran DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta. Jiki yana haɗa shi ne daga bitamin B3, wato nayasin, kuma su NMN da NR da ake sayarwa dangin wannan bitamin ne. Abin mamaki ma, a jikin kare aka gano amfanin nayasin: a 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya warkar da karnuka masu cutar baƙin harshe da shi. Kyanwa ta fi kare buƙatar samunsa a abinci, domin jikinta ba ya iya haɗa isasshe da kansa. To amma nama da hanta da kifi suna da shi sosai, cikakken abincin dabbobi na kamfani kuma ana zuba masa. Dabbar da ke cin abinci mai kyau da wuya a same ta da ƙarancinsa. Maganar rage tsufa kuwa, mafi yawan abin da ake yayatawa a kan ɓeraye aka gwada.

Mai Karnuka: Ni dai ina ba nawa irin ta dabbobin, kuma wallahi na ga canji. Yanzu da ya ji motsin ƙofa sai ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Ki gwada Hajiya, ai bitamin ne kawai.

Malamar Kimiyya: Malam, ba na ƙaryata idonka, amma ka ji wannan. A 2024 an wallafa wani bincike na Jami'ar Jihar North Carolina a Amurka, a kan tsofaffin karnuka 70. Wasu an ba su haɗin da ke ƙara NAD, wasu kuma ƙwayar bogi da ba komai a cikinta, masu karnukan ba su san wacce aka ba nasu ba. Bayan wata uku, waɗanda aka ba karnukansu cikakken adadin haɗin sun fi cewa sun ga sauƙi. Sai dai masu ƙwayar bogin ma da yawansu cewa suka yi karensu ya farfaɗo! Gwaje-gwajen da masu binciken suka yi wa karnukan da kansu ba su nuna wani bambanci a fili ba. Ga shi haɗin sinadarai biyu ne, ba na NAD kaɗai ba, kuma kamfanin da ke sayar da shi ne ya ɗauki nauyin aikin. Da Farfesa David Sinclair na Jami'ar Harvard, wanda ke da hannu a kamfanin, ya ce abin yana mayar da tsufan kare baya, takwarorinsa caa suka yi masa. Ka lura kuma, babu kyanwa ko ɗaya a cikin binciken.

Likitar Dabbobi: Hajiya, ni ba ƙwayar ce ta fi damuna ba, kyanwarki ce. Tsohuwar kyanwa mai rama da yawan shan ruwa, abu uku muke fara nema: ciwon ƙoda, ciwon suga, da kuma glandar tayirod da ke wuya idan ta yi aiki fiye da ƙima. Dukkansu gwajin jini da na fitsari ke nuna su, kuma dukkansu akwai abin da ake yi a kansu idan an gano da wuri. Ciwon ƙoda musamman, canjin abinci kaɗai yana ƙara wa kyanwa kwana. Daina hawa tagar kuma sau da yawa ciwon gaɓɓai ne, kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Idan kika tsaya barbaɗa kafso kina jiran sakamako, ƙodar ba za ta jira ki ba.

Karen ma haka. Zagayen dare da kallon bango sun yi kama da ruɗewar tsufa, amma ciwon jiki ko raguwar gani da ji suna iya kawo hakan. A duba shi tukuna.

Kuma Malam Mai Karnuka, a daina cewa bitamin ne kawai. Mu kanmu muna ba karnuka nayasinamaid, wani nau'in bitamin B3, tare da wani maganin ƙwayoyin cuta don wasu cututtukan fata, kuma muna ganin wasu suna amai, gudawa, ko su ƙi cin abinci. Abin da ke aiki a jiki yana iya yin ɓarna.

Mai tambaya: Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Yanzu na ɗauko kwalbar ƙanen nawa, ashe ba NMN kaɗai ba ne a ciki, akwai wasu sunaye a jere da ƙananan rubutu. Idan na ba su ɗan kaɗan fa, kamar rubu'in kafso, kafin mu samu ganin likita?

Likitar Dabbobi: A'a Hajiya, kada garin neman ƙiba a samo rama. Waɗannan ƙananan rubutun su ne abin tsoro. Ki duba ko akwai xylitol, sinadarin zaƙi ne da ake sa wa irin na taunawa da na tsotsa. Kaɗan daga cikinsa yana faɗar da sugan jinin kare, yana iya lalata masa hanta. Ki duba alpha-lipoic acid, shi kuma kyanwa ba ta jure adadin da mutum ko kare ke jurewa. Hantar kyanwa ba ta sarrafa wasu sinadarai yadda tamu ke yi, shi ya sa ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta. Rubu'in kafson babban mutum ba kaɗan ba ne ga dabbar da ba ta wuce kilo 4 ba.

Ranar da za ki je, ki tafi da kwalbar likita ya karanta da idonsa. Daga yau ki riƙa auna ruwan da kike zuba wa kyanwar da safe da abin da ya rage washegari, a kwanon da karen ba ya sha, ki rubuta. Idan karen ya fara zagayensa na dare, ki ɗauke shi a bidiyo da wayarki, don a gaban likita ba lallai ya yi ba. Idan sakamakon ya fito lafiya kuma har yanzu kina son gwada ta NAD ga karen, sai likitan ya zaɓa miki wadda aka yi don dabbobi, ya auna adadin da nauyinsa.