Akwatin wanke yashi da na haɗa yana zubar da garin zinari, ina gyaran yake?

Mai Zarto, Yauri

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, da zarto da guduma nake ci, wankin zinari kuwa sha'awa ce ta kama ni. Da rani in ruwa ya ja baya, ranar da babu aiki a shago, nakan sauka wani rafi da ke zuba a Kwara in ɗebo yashi daga gindin duwatsu in wanke. Abin da nake samu bai kai a kira shi kuɗi ba, 'yan ƙwayoyi ne nake tarawa a ƙaramar kwalba, amma ganin ɗigon rawayan nan a gindin ƙwarya yana faranta min rai ƙwarai.

Wanki da ƙwarya akwai cin lokaci, ga ciwon baya, shi ya sa na haɗa akwati da falanki. Tsawonsa santimita 120, faɗi 30, bangon gefe 12. Na shimfiɗa tsohon bargo a ciki, na jera katakan gicciye guda bakwai a kai, kowanne tsayinsa santimita 4. Nakan ɗora kan akwatin bisa dutse, ya fi ƙarshen tsawo da kamar santimita 25. Sai in zuba yashi da shebur, in bi shi da ruwa bokiti bokiti.

Ƙwayoyi masu ɗan girma yana kama su. Damuwata garin ne. Da na ɗebi abin da ya zube a ƙarshen akwatin na sake wankewa a ƙwarya, sai ga zinari lilis yana ƙyalli a ciki. Bayan haka, bayan kowane katako baƙin yashi yakan cika ya daskare, ko da yatsa sai ka yi da gaske kake tona shi. Shin in ƙara wa katakan tsayi ne, ko in ƙara wa akwatin tsawo? Bargon ne bai dace ba? Kuma in na tara baƙin yashin, da me zan raba shi da zinarin? Wasu a bakin rafi suna ce min in sayi zaiba, farin ƙarfen nan mai kama da ruwa da ke manne zinari, in huta, amma hankalina bai kwanta da ita ba.

Tsohon Mai Kuza

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni kuza na wanke shekaru masu yawa a Bukuru da Barkin Ladi, zinari sai daga baya na taɓa shi, amma hukuncin ruwa ɗaya ne: mai nauyi ya kwanta, marar nauyi ya wuce. Kada ka ƙara wa katakan nan tsayi ko kaɗan.

Ban ji ka ambaci rariya ba. In kana zuba yashi da tsakuwa da duwatsu gaba ɗaya, dole ka ba su ruwa mai ƙarfi kafin dutsen ya gangara, kuma ruwan da zai iya tura dutse shi ne mai kwashe garin zinari. Dutsen ma in yana birgima yana tono abin da ya riga ya kwanta. Ka samu tsohon daro, ka huhhuda gindinsa, kowace huda kamar kwata na inci. Ka tace komai a cikin ruwa kafin ya hau akwati. Abin da ya rage a rariya ka duba shi da ido kafin ka zubar, domin wani lokaci a nan babbar ƙwaya take maƙalewa.

Sannan laka mai danƙo ɓarauniya ce. Dunƙulenta in ya bi ta kan bargo sai ya manne garin da ka riga ka kama ya fita da shi. Ka jiƙa yashinka a bokiti, ka dama da hannu har ka daina jin gudaji.

Watsa ruwa da bokiti kuwa shi ya daskarar maka da bayan katako. Ruwa ya zo da ƙarfi ya share, ya ɗauke komai ya zauna ya ƙame, haka za ka yi ta yi. Ka sa akwatin a cikin rafin kansa, ka jera duwatsu hagu da dama su tattaro ruwan zuwa bakinsa, ya riƙa gudu ba yankewa. Yashin kuma ka ajiye shebur, ka riƙa sa shi da ɗan gwangwani, sai na farko ya wuce ka sa na biyu.

Baƙon Ballarat

Baba ya gama magana a kan rariya da ruwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni ina zaune a jihar Biktoriya ta Ostareliya, inda aka yi rububin zinari tun 1851, kuma har yau mutane na fita neman sa ranar hutu don nishaɗi. Akwai takardar izini da ake saye mai aiki na shekara goma, da ita za ka yi bincike da kayan hannu a wuraren da aka yarda. Yawancin waɗanda nake fita da su da hannunsu suka haɗa akwatunansu, don haka bari in ƙara lissafi a kan abin da Baba ya faɗa.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita ɗaya ta zinari kilo 19.3 ce, farin yashi kuma dutsensa bai wuce 2.65 ba, baƙin yashi wajen 5. Wannan tazarar ita ce dukan aikin, amma tana raguwa in zinarin ya zama siririn ɓawo, domin ruwa na ɗaga shi ta faɗinsa. Abin da kake kira gari shi ne wannan.

Gangarenka ya yi yawa, Malam. Ma'aunin da ake farawa da shi inci ɗaya ne ga kowace ƙafa, wato wajen santimita 8 a mita. A akwati mai tsawon 120, kan ya fi ƙarshe da santimita 10 ke nan, kai kuma ka ba shi 25. Ka fara daga 10, in ka ga yashi na taruwa sai ka ɗaga kaɗan kaɗan. Ka kuma duba kada ya karkata gefe ɗaya. Kai kafinta ne, kana da ma'aunin daidaito, ka tafi da shi bakin rafi.

Katakan gicciye aikinsu ba tare yashi ba ne. Aikinsu su sa ruwa ya yi ɗan juyi a bayansu, yashin da ke wurin ya riƙa motsi, mai nauyi na nutsewa marar nauyi na tashi. Katako mai santimita 4 a tsaye cak, ƙaramin ruwanka ba zai iya juya abin da ke bayansa ba, sai ya cika ya zama tudu, zinarin ya bi ta sama ya wuce. Ka sauko da su zuwa santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, ka ɗan kwantar da kansu wajen da ruwa ke tafiya. Abin da ya fi haka ga gari shi ne ragar ƙarfen nan mai idanu masu kusurwa huɗu a karkace da masu walda ke sa wa ƙofa da taga. Kowane idonta ƙaramin wurin juyi ne. Ka yanko daidai faɗin akwati, ka danne ta da sanda biyu a gefe yadda za ka iya cirewa. Gwajinsa da yatsa ne: ana cikin aiki ka taɓa bayan ragar. In yashin na da laushi yana rawa, daidai ne. In ya yi tauri, ruwa ya yi kaɗan ko kana zuba da yawa. In kana ganin shimfiɗar fayau ba komai a kai, gudun ya yi yawa.

Bargo yana kamawa, an daɗe ana aiki da shi, amma yana saurin toshewa da laka. Ka nemi tabarmar goge ƙafa ta bakin ƙofa, mai zare-zaren roba a murɗe, irinta muke sa wa a nan. Zinari na faɗawa cikin zaren ya ɓuya daga ruwa. A ƙarƙashinta ka sa baƙar robar ƙasan mota mai layi-layi, ka bar tafi ɗaya nata a buɗe a kan akwatin, layin a gicciye. A kan baƙin nan za ka ga zinarin da idonka tun a gwangwanin farko, ka san ko wurin da kake tona yana da abu ko babu.

Don ka san ko gyaran ya yi, ka yayyanka wayar wuta ta jan ƙarfe ƙanana ƙanana, ka daddaka wasu da guduma su yi faɗi, ka ƙirga su ka cuɗa a bokitin yashi. Nauyin lita ɗaya ta jan ƙarfe kilo 8.9 ne, bai kai rabin na zinari ba. Akwatin da ya riƙe su zai riƙe zinari mai irin girmansu. Ka duba nawa ka samu, kuma a wane ɓangare suka tsaya.

Baƙin yashi kuma: ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika, ka sa shi a leda, ka riƙa bi da shi ta sama ba tare da ka tsoma ba. In ka zare shi daga ledar sai abin da ya kama ya zube. Kada ka zubar da wannan, ka sake wanke shi, domin yakan ɗauko gari a tsakaninsa. Ba duka baƙin ne ke bin maganaɗisu ba, saura sai haƙuri da kwano. Kwanon ya zama baƙi ko shuɗi na roba wanda mai bai taɓa ba, ka ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya don kada garin ya yi iyo a saman ruwa. Ka tsotse zinarin da sirinji marar allura. In kana shakkar wata ƙwaya, danna ta da bakin allura: zinari lotsawa yake yi, mai kama da shi kuwa sai ya farfashe.

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau

Malam Mai Zarto, maganar zaiba ce ta sa na sa baki. Don Allah kada ka saye ta. In an ƙona ta don a fitar da zinarin, tururinta ba shi da wari ba shi da launi, mai ƙonawa da duk wanda ke kusa suna shaƙa, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya fi muni ga mai ciki da ƙananan yara. Wadda ta zube a rafi kuma takan shiga jikin kifi ta taru, ku kuwa mutanen Yauri kifin Kwara ne abincinku. Abin da ya faru a garin Minamata na Japan ke nan, har yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba ta ɗauki sunan garin. Ɗan garin da kake tarawa a kwalba bai kai ka ɗauki wannan ba.

Sai dalma. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya har Bagega, yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinarin yankin yana da dalma, aka riƙa kawo shi cikin gida ana daka shi a turmi ana niƙa shi a bushe, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake ganin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Naka yashin rafi ne a jiƙe, haɗarinsa bai kai na niƙa dutse ba, amma abin da akwatinka ke tarawa shi ne duk mai nauyi, dutsen dalma kuwa mai nauyi ne. Ka gama wankinka a bakin rafi. Kada baƙin yashin ya shiga gida, kada a shanya shi inda ake shanya hatsi, daro da ƙwaryar aikin kada su koma madafi. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ka sauya kaya kafin yara su hau jikinka.

Ɗan'uwa daga Birnin Kebbi

Ƙarin tunatarwa kaɗan. A Najeriya ma'adinin da ke cikin ƙasa mallakar gwamnatin tarayya ne, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai da izini ake bincike ko haƙa. Ofishin da ke ba da takardun yana Abuja, amma akwai jami'in ma'adinai na tarayya a jiha, ka je ka tambaye shi matsayin irin naka. Ƙananan masu haƙa ta hanyar ƙungiya ake yi musu rajista. Ka kuma sanar da mai garin da rafin ke ƙasarsa, ka cike duk ramin da ka tona saboda dabbobi.

Mai Zarto, Yauri

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, maganar zaiba ta mutu, kuma na ware daro da ƙwarya na aikin daban, a shago suke kwana. Zan je wajen jami'in kamar yadda ɗan'uwa ya ce.

Na cire katakan, na sa ragar walda a kan tabarmar roba, na sauke gangaren zuwa 10, na huda daro na yi rariya. Na yi gwajin waya. Masu kauri duk a kan baƙar robar farko suka tsaya, waɗanda na daddaka wasu sun kai tsakiya, amma ban tsinci ko ɗaya a abin da ya zube ba. Da na wanke zuben a ƙwarya, ƙyallin ya ragu sosai.

Saura abu ɗaya. Falankin yana shan ruwa ya kumbura, ya yi nauyin ɗauka, kuma na lura ruwa na bi ta ƙarƙashin robar a gefe ɗaya. Ina tunanin in sa a lanƙwasa min na alminiyam. Baba, me ka gani?

Tsohon Mai Kuza

Alminiyam ya fi sauƙin ɗauka, amma ka sa a lanƙwasa shi daga falle ɗaya, kada a yi masa haɗi a gindi, ka kuma ɗaure bakinsa da sanda ta sama don kada ya buɗe. Ruwa zai so ya tafi da shi saboda rashin nauyi, sai ka aza masa dutse a kan sandar. Kafin nan kada ka yar da na katakon. Ka bar shi ya bushe sarai, ka shafe shi da fenti ciki da waje, ka bar fentin ya ƙame kafin ya ga ruwa. Ruwan da ke bi ta ƙasan roba kuwa, ka yanko siririn katako ka danne bakin robar ta sama da kusoshi masu murɗi, ka yanka robar ta ɗan fi faɗin akwatin yadda za ta hau bango da rabin santimita kowane gefe. In za ka kwashe, ka fara ɗaga akwatin daga ruwa a hankali, ka tsayar da shi cikin daro, sannan ka kwance ragar ka wanke tabarmar da gindin akwatin duka a ciki.