Neman kalma: "interference" da "cognitive control" a nazarin ƙwaƙwalwa

Malam Sani, Ƙofar Sauri:
Jama'a, ina shirya darasi ga ɗalibai masu koyon malanta a nan Katsina, kalma biyu sun tsaya mini. Ga gwajin: a rubuta JA da shuɗiyar tawada, a ce ka faɗi launin tawadar. Sai ka ji baki na neman cewa "ja". John Ridley Stroop ya auna wannan a Amurka a 1935. Faɗin launuka 100 ya ɗauki kimanin sakan 63, da aka kawo kalmomin da suka saɓa wa tawadarsu kuwa sai ya kai 110. Abin da ke jawo jinkirin shi ne "interference", danne shi kuma "cognitive control". Na farkon dai "cikas" na sa.

Malama Binta, Daura:
Malam, cikas ya yi faɗi, ɗauke wuta ma cikas ne. Nan karatu ne ya bi jiki har ido ba ya neman izini kafin ya karanta, shi ya sa yaron da bai fara haɗa baƙi ba wannan gwaji ba ya wahalar da shi. Amsar da ba a gayyata ba ce ta tsoma baki. Katsalandan ke nan.

Baba Lawal, Ƙofar Marusa:
'Yata, ni da "rigegeniya" na so, tunda karatu ke riga faɗin launi isa baki.

Malama Binta:
Baba, Allah ya ƙara girma, ta dace da gwajin Stroop, amma akwai na Eriksen na 1974. Harafi ɗaya ake nema a tsakiya, na gefensa su yi ta jan hankali. Can maƙwabta ne ke damun mutum, ba sabo ba. Katsalandan ta ɗauke su duka biyun.

Baba Lawal:
Na yarda. Ta biyun fa, kada a ce "kamun kai", wannan ta tarbiyya ce, za a ɗauka mai jinkiri marar ɗa'a ne. Aikin goshin ƙwaƙwalwa ne, ya riƙe umarnin da aka bayar, ya tsayar da amsar da ta yi zumbur, ya saki wadda ake so. Duk wanda ya ga mahayi ranar hawan Sallah ya san sunan wannan: linzami.

Malam Sani:
Madalla. Katsalandan, sai linzamin hankali. Na Stroop zan kira shi "katsalandan na sabo" don a bambanta shi da na Eriksen. Ranar Litinin zan gwada su a aji da alli mai launi, in dawo muku da abin da ɗalibai suka ce.