Birki ya yi tauri a tsohuwar mota: abin da direbobi suka ce

Jiya a majalisarmu ta Agege aka tattauna kan tsohuwar motar da birkinta ya koma kamar dutse, sai ka taka da ƙarfin tsiya kafin ta tsaya. Yawanci sun ce busta ce, wato abin da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi in ka taka birki, amma kar a yi saurin siya. Gwajin da kowa ya yarda da shi: kashe inji, taka birki sau biyar har ya yi tauri, bar ƙafarka a kai ka tada mota, in fedar ta ɗan sauka to busta lafiya lau. In ba ta motsa ba a fara duba tiyon da inji ke zuƙe iskar busta ta cikinsa, zafin gosulon Legas na busar da roba ta tsage, sannan a duba ɗan bawul ɗin bakinsa mai hana iska komawa cikin busta. Kana jin tsss in ka taka, ko inji na rawa a silo, mai yiwuwa robar cikin bustar ce ta fashe.

Wani dattijo ya ce birkin da ke nutsewa ƙasa ba busta ba ce, masta ce, wato famfon da ke tura man birki, ko iska a layin man. Masu dizal kuma, in birki ya yi tauri, su duba famfon da ke zuƙe iskar busta. In za ka kasuwar kayan mota ta Ladipo siyan tokumbo, wato kwancen da aka shigo da shi daga waje, tafi da bakanikenka.