Taƙaitawa: Labaran Aljanu Masu Binciken Kisan Kai

Jama'a, muhawarar kan yadda ya kamata a rubuta labarin binciken kisan kai mai ɗauke da aljanu ta yi tsawo. Ga abin da na tattaro daga bakin makarantanmu na nan Jos.

1. Kusan kowa ya yarda marubuci ya bayyana iyakar tsafi da ikon aljanu tun farkon labari. In boka zai buga ƙasa ya faɗi sunan wanda ya yi kisa, me ya rage wa mai karatu? Shawarar da aka fi maimaitawa ita ce aljanin ya faɗi rabin gaskiya, ko ya yi ƙarya, har mai bincike ya koma ga ƙwaƙwalwarsa. Ni ma wannan ta fi kwanta mini a rai.

2. Mai kisan ya zama mutum, da dalili irin na mutane: gado, kishi, bashi.

3. A warwatsa alamomin gane shi tun daga farko, kada a zubo su a babin ƙarshe.

4. Da yawa sun ce ba sai an ƙirƙiri wata ƙasa ba. Tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa, duwatsun Shere, hazon Disamba, duk sun isa.

Inda aka rabu: wasu na ganin mayar da boka jarumi tallata shirka ne, gara malami ko ɗan sanda. Wasu suka ce labari ne kawai, muddin ba a nuna ya san gaibu ba. Ba a daidaita a nan ba.