Neman kalma: yaya za mu ce catfishing da Hausa?

Mai Shirin Matasa: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 4 zan shiga situdiyo. Shirin kan masu kwashe hoton wani a Facebook ko Instagram ne, su buɗe shafi da shi, suna nuna mota da gidan da ba nasu ba a Rayfield, unguwar masu kuɗi a nan Jos. Turawa na cewa catfishing, yaranmu kuma fake life. Ina son kalmar da mai tumatir a Farin Gada zai ji ya gane.

Ɗan Gangare: Sojan gona. Magana ta ƙare.

'Yar Bukuru: Da saura, Yaya. Abu biyu aka haɗa. Wanda ya jingina da motar wani a bakin otal ya ɗauki hoto, ƙaryar arziki yake yi, amma fuskarsa ce. Satar fuska daban. Ƙawata aka kwashe wa hotunan biki, har wanda ta ɗaga hannu tana nuna lalle, aka buɗe shafi ana karɓar kuɗin kati wajen samari. Dangin mijinta suka fara gani. Har yau tana shan tambaya.

Malamin Hausa: Ni tarwaɗanci nake ba da shawara. Catfish ai tarwaɗa ce, ga santsi, ba ta kamuwa. A ƙara mata ɗafa-ƙeyar -anci, an samu kalma ɗaya tak.

Ɗan Gangare: Allah gafarta Malam, mai sauraro zai ɗauka shirin kiwon kifi ne.

Baba Maharbi: Kun manta da shigar burtu? Maharbi ya ɗora kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya, tsuntsaye su saki jiki da shi. Abin da yaran nan ke yi kenan.

Malamin Hausa: Wannan karin magana ce, ba ta shiga ƙamus a matsayin kalma. Matsalarmu a Jos kenan, mun saba da Hausar kasuwa. A Kano ko Zariya da tuni an karɓi tarwaɗanci.

'Yar Bukuru: Haba Malam. Kakanninmu da wannan Hausar suka yi aikin kuza, da ita Birom da Ngas da Bahaushe ke ciniki a kasuwar Terminus. Kada a raina mana ita.

Lauya: Ku bar batun gari. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 22, ta haramta satar bayanan mutum da yin sojan gona da sunansa. Burga da motar aro kuwa ba ta nan, sai an karɓi kuɗin wani da ita ta zama damfara. Hajiya, ki raba su a shirin.

Mai Shirin Matasa: Na gode. Zan ce sojan gona a intanet ga mai satar hoto, ƙaryar arziki ga fake life. Shigar burtu zan kawo wajen bayanin yadda suke jan mutane. Ƙanwata, ki tambayi ƙawarki ko za ta yarda in ba da labarinta ba suna.

Malamin Hausa: Kalma huɗu a gurbin ɗaya. To, ku yi na gobe haka, amma ban janye tarwaɗanci ba.