Maganin hawan jini da na shaƙa, ana haɗa su?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nike nema. Innarmu tana da fuka tun da daɗewa, Ventolin take shaƙa, wanga shuɗin. Ranar Laraba anka auna ta a kemis nan Gusau anka ce jininta ya hau, anka ba ta ƙwaya. Tun da ta fara sha ƙirjinta ke ƙugi da dare, ko ta shaƙa ba ta samun sauƙi kamar da. Hunturu ne ko maganin?

Kawun Tsafe: Wa alaikumus salam. Allah shi ba ta lafiya. Ƙurar bana ai ba dama, a rufe mata hanci da kyalle in za ta fita.

Anti Nas: Maman Hanifa, karanto mini sunan da ke jikin kwalin.

Maman Hanifa: Propranolol 40mg.

Anti Nas: To, ga inda gizo ke saƙa. Ventolin, wato salbutamol, aikinsa ya buɗe hanyoyin iska a huhu. Shi kuwa propranolol, wurin da salbutamol ke kamawa ya yi aiki nan yake toshewa, ba a zuciya kaɗai ba, har huhun. Shi ya sa yake iya tayar da fuka, kuma in ta taso na shaƙar ya kasa kwantar da ita. Mai fuka ba a ba shi shi. Ku kai ta asibiti yau, kar a jira gobe, ku tahi da kwalin da abin shaƙar, likita ya canza mata. In numfashi ya kai ba ta iya gama magana, ko leɓenta ya canza launi, ko da tsakar dare ne ku nufi asibitin FMC ko na Yariman Bakura.

Baban Sadiq, Ƙaura: Anti, ni fa atenolol nike sha shekara huɗu, ina kuma shaƙa. In daina?

Anti Nas: A'a Malam, kar ka yanke shi da kanka. Wanda ya daɗe kan irinsa, in ya daina farat ɗaya zuciya na iya rikicewa. Atenolol da bisoprolol sun fi karkata ga zuciya, suna da dama-dama, amma dai danginsu ɗaya, galibi sunansu na ƙarewa da "olol". Likitanka ya san kana shaƙa? Har maganin ɗigawa a ido na masu gilakoma (hawan jinin ido), timolol, yana cikinsu.

Baban Sadiq, Ƙaura: Wallahi bai taɓa tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Hajiya ta Mafara: Ni amlodipine anka sa ni, ina shaƙa ta lafiya lau, sai ɗan kumburin ƙafa. Da can lisinopril ne, ya sa ni busasshen tari har na ɗauka fukar ce ta dawo. Kishiyata ta yi ta dafa mini citta da zuma, ashe ƙwayar ce.

Anti Nas: Hajiya kin taɓo abu. Lisinopril yana sa wannan tarin, galibi sai a mayar da mutum kan losartan. Masu shan na sa fitsari kuma, irin hydrochlorothiazide ko furosemide, in suna yawan shaƙa sinadarin fotasiyam na iya raguwa a jini, sai kasala da bugun zuciya. A riƙa gwada jini. Rawar hannu na ɗan lokaci bayan shaƙa kuwa halin Ventolin ne.

Kawun Tsafe: Ashe ba ƙura ba ce. To ibuprofen na ciwon gwiwa fa?

Anti Nas: Kawu, shi da diclofenac suna ɗaga jini, kuma suna tayar wa wasu da fuka. Paracetamol ya fi maka sauƙi.

Maman Hanifa: Mun dawo daga asibiti. An cire propranolol, an sa ta amlodipine 5mg, an ƙara mata na shaƙa mai ruwan ƙasa safe da dare, a kurkure baki bayan shaƙa. Mako biyu mu koma a sake auna jinin. Baban Sadiq, yaushe ne naka ganin likitan?