Neman shawara: ƙafata tana cijewa a takun ƙarshe na wasan bolin

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a Maleshiya, kuma wata biyar ke nan da abokan karatuna suka jawo ni cikin wasan bolin, wanda ake gangara ƙwallo mai nauyi don a kayar da kwalabe goma. Na riƙe shi hannu bibbiyu, amma makina ya tsaya tsakanin 110 da 125, kuma na gane cewa matsalar tana ƙafata. Da hannun dama nake jifa, taku huɗu nake yi, sai dai idan na zo na ƙarshe, ƙafar hagu takan cije kamar an taka birki, jikina ya rinjaya gaba, ƙwallon ta faɗi da ƙara. Sau biyu na ƙetare layin iyaka, wanda ba a yarda ƙafa ta wuce shi ba wajen jifa, aka rubuta mini sifiri, ga gwiwa ta fara ciwo. Takalmin haya nake sawa, ƙwallon kuma mai nauyin fam 14 ce. Yaya ake koyon zamiyar nan da nake gani gwanaye suna yi?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi shekaru ina wannan wasa a jihar Mishigan ta Amurka, kuma da wannan matsala na fara. Ina kyautata zaton da diddige kake sauka, kamar mai tafiya a hanya, alhali diddigen takalmin bolin roba ne da aka sa don tsayawa. Takun ƙarshe ba a ɗaga ƙafa a cikinsa. Ana tura gaban tafin ƙafa ne a kan katako, gwiwa a lanƙwashe, diddige ya sauka a ƙarshe ya tsayar da kai.

Amma gyaran yana farawa tun daga baya. Ka tsaya dab da layin iyaka ka ba shi baya, ka yi taku huɗu da rabi, sannan ka juyo; wurin farawarka ke nan, rabin takun kuwa rabon zamiya ne. Ka fara da ƙafar dama, ka tura ƙwallon gaba tare da ita, ka bar nauyinta ya kai hannunka baya. Taku na uku shi ne wanda masu koyo suka fi lalatawa, domin suna faɗaɗa shi, alhali gajere ne mai sauri, kuma a kansa ake rage tsawo don ƙafar dama ta ingiza ta hagu. Wanda ya iso taku na uku a miƙe ba shi da abin da zai zame da shi.

Kafin kowane wasa ka yi jifa goma da taku ɗaya kacal. Ka tsaya taku ɗaya da rabi daga layi, ka lilo da ƙwallon, idan ta fara dawowa ka tura ƙafar hagu, ƙafar dama ta koma bayanta ta ɓangaren hagu. Kada ka motsa sai ƙwallon ta gama tafiyar ƙafa 60 ta daki kwalabe.

Amsa ta biyu:

Ɗan'uwa, bayanin Yaya daidai ne, amma ina roƙonka ka duba ƙarƙashin takalmin kafin ka ɗora wa ƙafarka laifi. Na zauna a ƙasar da kake, kuma laimar iskarta takan sa dandamalin da ake taku a kansa kafin layin iyaka ya yi danƙo, musamman bayan ruwan yamma. Takalmin haya kuwa ƙafafu da yawa sun bi ta kansa, har da masu shiga banɗaki da shi. Na taɓa taka ɗigon ruwa kusa da kujeru ban sani ba, na zo jifa ƙafa ta kafe, na kife da hannu biyu a kan man da ake shafa wa titin ƙwallon. Ka sayi naka, irin wanda ƙafar hagu ke da tafin zamiya, ta dama ke da roba mai kama ƙasa, ka haɗa da rigarsa da ɗan buroshi. Kada ka barbaɗa hoda a dandamali, domin doka ta hana, kuma mai bin bayanka zai iya faɗuwa.

Amsa ta uku:

Ni maganar gwiwar ce ta fi tsaya mini a rai, Malam. Iyakar nauyin da aka yarda da shi fam 16 ne, saboda haka fam 14 ba wasa ba ne ga mai wata biyar, balle ƙwallon haya wadda ramukanta ba su dace da yatsunka ba. Idan kana damƙe ta, hannu zai makara, ƙafa ta riga shi isa layi ta tsaya jira. Ka koma fam 12 har takun ya zauna, idan kuma ciwon ya ƙi tafiya ko gwiwar ta kumbura, ka ga likita kafin ka ci gaba.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na sa aboki ya ɗauke ni bidiyo daga gefe, na ga diddigen ne ke fara sauka. Da fam 12 da taku ɗaya na fara zamewa kamar taƙi guda, amma idan na koma taku huɗu sai in ƙare can hagu da inda na fara.

Amsa ta farko:

Taƙi guda ya isa a yanzu, ƙanena. Faɗin titin siraran katako 39 ne, kuma akwai ɗigo-ɗigo a wurin farawa da bakin layi. Ka lura da katakon da ƙafar hagu ta fara a kai da wanda ta tsaya a kai, ka rubuta na jifa goma. Idan karkatar iri ɗaya ce kullum, ka gyara wurin tsayuwarka kawai. Idan tana sauyawa, ka rage saurin takun farko, ka kawo mana lissafin mako mai zuwa.